Gidan Tarihin Kanta na Argungu da Haƙƙin Ƙananan Gidajen Tarihi a Kan Makarantu

Duk inda aka ambaci Argungu, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne bikin kamun kifi, wato ranar da dubban masunta ke rugawa cikin kogin Matan Fada da homa da gora, kowa na neman giwan ruwan da za ta fi ta kowa nauyi. Wannan biki ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Amma a cikin garin nan, kusa da babbar kasuwa, akwai wani wuri da ba a cika yin zancensa ba, alhali ya fi bikin amfani ga ɗalibin sakandare. Wurin shi ne Gidan Tarihin Kanta.

Ginin tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce. A nan suka zauna har zuwa 1942 lokacin da aka koma sabuwar fada, sannan a 1958 aka buɗe shi a matsayin gidan adana kayan tarihi. Ke nan ya girmi 'yancin kan Nijeriya da shekara biyu, ya kuma girmi Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991, da shekara talatin da uku. An sa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Askiya na Songhai a farkon ƙarni na 16, ya kafa daular Kabi, ya gina birnin Surame wanda kufansa ke nan har yau a cikin Jihar Sakkwato. A cikin ɗakunan gidan akwai masu da takubba da bakuna da kibau da bindigogin gargajiya da layu da ganguna, kuma a harabarsa akwai kaburburan sarakuna.

Ra'ayin da ake son kafawa a nan shi ne, irin wannan ƙaramin gida ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ne wanda al'umma ta riga ta gina, ta zuba masa kaya, makarantu kuwa suka bar wa malamin tarihi shi kaɗai, shi ma sai in an sami motar yawon buɗe ido sau ɗaya a shekara. Wannan asara ce ga ɓangarorin biyu. Makaranta ta rasa kayan aiki, gidan tarihi kuma ya rasa hannayen da za su taimaka masa ya rayu.

Abin da ke cikin kayan

A ɗauki kibiya, alal misali. Malamin tarihi zai ce da ita aka yi yaƙi kaza. To amma me ya sa ƙaramin rauni na kibiya ke kashe ƙaton namiji cikin ɗan lokaci? Amsar tana wurin malamin ilimin halittu. Maharban ƙasar Hausa kan dafa dafinsu da 'ya'yan wani tsiro da ake kira kwankwani, kuma sinadarin da ke cikinsa kai tsaye yake taɓa naman zuciya ya rikita bugunta. Dangin wannan sinadari ne likitocin Turai suka tace, suka riƙa ba masu ciwon zuciya a ɗan ƙanƙanin awo. Abu ɗaya ne, yawansa kisa, kaɗan ɗinsa magani. Shi ya sa ma bai kamata a bar yaro ya shafa tsinin tsohuwar kibiya ba, domin irin wannan dafi kan daɗe bai mutu ba.

Haka nan lifidi, rigar dokin nan da ake cusa wa auduga a ɗinke, wadda ake samu a fadoji da gidajen tarihi da dama na Arewa. Aikinta shi ne ta rage gudun kibiya sannu a hankali, ta kuma baza ƙarfin sukar a wuri mai faɗi, daidai da yadda hular kwano ke yi wa mai babur a yau. Rauninta kuwa wuta, saboda haka abokan gaba kan harbo kibiya mai wuta. Goran masunci ma darasi ne. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, don haka goran da cikinsa ya kai lita 20 zai iya tallafar nauyin da ya kusa kilo 20 kafin ya nutse. Ɗalibin da ya auna gora da hannunsa ya yi wannan lissafi ba zai sake mance ƙa'idar Arkimidis ba. Ganga kuma tana koyar da cewa ɗaurin fata da faɗinta su ke sa sauti ya yi kauri ko ya yi siriri, abin da kowane makaɗin kalangu ya sani da hammatarsa tun kafin a rubuta shi a littafin fiziks.

Wannan duka ribar makaranta ce. Amma babbar magana ita ce abin da gidan tarihi ke bukata daga wurinta.

Maƙiyan kayan tarihi

Jama'a na zaton ɓarawo ne babban maƙiyin kayan tarihi. Lallai ɓarawo yana ɓarna, amma shi sau ɗaya yake zuwa. Waɗanda ba su hutawa dare da rana su ne gara da laima da zafi da haske.

Gara abincinta shi ne sinadarin da ke cikin itace da takarda da auduga. Ba ta jure bushewa da sarari, shi ya sa take gina 'yar hanyar ƙasa ta bi ta ciki daga gindin bango zuwa abin da take so. Sau da yawa takan cinye cikin kotar mashi ko jikin ganga ta bar ɓawon waje kamar lafiya lau, sai ranar da aka ɗaga abin ya marmashe. Maganinta na farko ba ya bukatar kuɗi mai yawa: kada a ajiye komai a ƙasa ko a jingine da bango, a ɗora a kan kanta mai ƙafafun ƙarfe, a kuma riƙa duba gindin bango kowane mako. Idan ƙwari sun riga sun shiga tufa ko ƙwarya, masana adana kaya kan rufe abin cikin leda su sa shi a firiza na tsawon kwanaki, ko kuma su ɗumama shi har zafin ya kai digiri 55 na wasu sa'o'i, domin ƙwari da ƙwayayensu ba su tsira a wannan zafi. A ƙasar da rana ta wadata, baƙar leda kan iya kai wa wannan awo, sai dai aiki ne da ya kamata gwani ya tsaya a kansa.

Laima kuwa fuska biyu gare ta a wannan yanki. Da damina iska kan cika da ruwa, kuma da zarar danshin iska ya wuce kashi 70 cikin 100 ya daɗe a haka, sai hunhuna ta fara tsirowa a jikin fata da takarda. Da hunturu kuma iska kan bushe ƙayau, fata ta tsattsage, itace ya dare. Wannan kumbura da motsewa, shekara bayan shekara, shi ke kashe gafaka da kube da sirdi. Ƙarfe kuma tsatsa ke cin sa, wato haɗuwar ƙarfe da iskar oksijin a inda akwai ruwa, kuma gishiri na hanzarta ta. A ina takobin da ke rataye a ɗaki zai sami gishiri? A gumin hannun masu ziyara. Duk wanda ya zare tsohon takobi don ya ɗauki hoto ya bar masa tabon da zai bayyana bayan watanni.

Game da zafi, masana kimiyyar sinadarai sun gano cewa yawancin irin waɗannan sauye-sauye kan ninka saurinsu idan zafi ya ƙaru da kimanin digiri 10. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, ɗakin bulo mai rufin kwano tanda ce ga takarda. A nan ne ya kamata a yaba wa maginan gargajiya. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali ta sake shi da dare, saboda haka cikin soro ba ya saurin sauyawa. Azarar giginya tana da taurin da gara ba ta cika iya mata ba, makuba kuma da ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa tana kare bango daga ruwan sama ba tare da ta hana shi fitar da laima ba. Abin takaici, a garuruwa da yawa an ɗauka gyaran tsohon gini shi ne a shafe shi da siminti. Siminti kan kulle laima a cikin bangon, ƙasar ta jiƙe daga ciki, wata rana shafen ya ɓantare da rabin katangar. Ga wanda ke da tsohon soro na kayan tarihi, yaɓe a kan kari ya fi buhun siminti ɗari.

Haske shi ma yana kashe launi, musamman hasken rana kai tsaye. Rigar da aka rina da baba ko aka yi wa aiki da alharini, in aka rataye ta gaban taga, cikin 'yan shekaru za ta koɗe, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa. Takardun ajami da na Larabci kuwa babu abin da ke cutar su kamar kyakkyawar niyya: a manna musu salatif, ko a kai su shago a rufe da roba mai zafi. Ƙaron salatif kan shiga jikin takarda ya bar rawayan tabo har abada. Ga shi kuma takardar kanta tana ɗauke da shaida, domin in aka ɗaga ta ga haske akan ga tambarin masana'antar da ta yi ta, kamar tambarin jinjirin wata uku na takardun Italiya da fatake suka riƙa kawowa ta hamada a ƙarni na 19. Da wannan tambari masana ke ƙiyasta shekarun littafi.

Duk abin da aka lissafa a sama, ɗaliban aji huɗu na sakandare za su iya sa ido a kansa. Ma'aunin zafi biyu, ɗaya a bushe ɗaya an naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen ƙyalle, sun isa a auna danshin ɗaki. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta da za ta riƙa rubuta wannan awo sau ɗaya a mako har shekara ta zagayo, za ta ba mai kula da gidan abin da zai nuna masa ɗakin da ya dace da fata da wanda ya dace da ƙarfe.

Abin da na'ura ba ta iya faɗa

Akwai wata asara da ta fi ta gara muni, ita ce mutuwar bayani. A yawancin ƙananan gidajen tarihi akwai dattijo guda wanda ya san wannan ganga ta wane sarki ce, wancan mashi daga wane fagen fama aka ɗauko shi. Ranar da Allah ya karɓi ransa, in ba a rubuta ba, mashin ya koma tsohon ƙarfe kawai.

Wani zai ce ai kimiyya na iya gano shekarun kowane abu. Tana iyawa, amma da iyaka. Hanyar da aka fi sani ita ce ta awon kabon-14, wadda Ba'amurke Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, har ya sami kyautar Nobel a 1960. Kowane abu mai rai yana ɗaukar wannan nau'in kabon, in ya mutu sai ya daina, abin da ke jikinsa kuma ya riƙa raguwa da rabi duk bayan shekara 5,730. Da wannan hanya aka auna kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a yankin da yake Jihar Yobe a yau. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, tsawonsa ya wuce mita 8, aka kuma tabbatar ya kai kimanin shekara 8,000, wato shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka. Sai dai ga abin da bai wuce shekara 300 ba, wannan awo ba ya rarrabewa sosai, domin yawan kabon-14 a sararin sama ya yi ta hawa da sauka a wannan tsakani. Ma'ana, gangar da aka sassaƙa zamanin Yakubu Nabame a tsakiyar ƙarni na 19 da wadda aka sassaƙa shekara ɗari kafin shi, na'ura na iya ba su amsa iri ɗaya. Kayan da suka cika ƙananan gidajen tarihin ƙasar Hausa kuwa galibinsu na wannan zamani ne. A kansu, bakin dattijo da littafin rajista sun fi ɗakin gwaji na Turai.

Labarin Nok ya isa misali a kan darajar sanin inda abu ya fito. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg wani kan mutum-mutumi na yumɓu wanda aka samu a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a, har wani ya kafa shi a gonarsa yana korar tsuntsaye. Da yake an san ramin da ya fito, aka kuma kwatanta shi da wanda aka tsinta kusa da ƙauyen Nok a 1928, sai aka gano wata al'umma da ta rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ta kuma san narkar da tama. Daga baya masu haƙar sata suka yashe ɗaruruwan wurare suka fitar da kayan waje. Waɗannan gumaka suna nan a hannun attajiran Turai, kyawawa, amma bebaye, don babu wanda ya san daga wane rami suka fito ko me ke kusa da su.

Saboda haka aikin da ya fi kowane gaggawa shi ne rajista: kowane abu a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa da wayar hannu tare da rula a gefensa, a rubuta awonsa da abin da aka yi shi da shi, da sunansa na Hausa kamar yadda mutanen wurin ke faɗa, da wanda ya ba da shi, a kuma naɗi muryar dattijon yana bayani. A ajiye kwafi a makaranta, wani a fada, wani a jami'a mafi kusa. Wannan rajista ita ce kuma makamin yaƙi da sata, domin 'yan sandan duniya ba su iya neman abin da ba shi da hoto.

Masu suka

Akwai masu ganin cewa kaya masu daraja ya kamata a kwashe su zuwa manyan gidajen tarihi na Legas ko Jos ko Kaduna, inda akwai ƙwararru da masu gadi. Maganarsu da ƙamshin gaskiya ga abin da ke bukatar jinya ta musamman. Amma babban gida ma ba ya hana sata, ga shi a 1987 ɓarayi sun shiga gidan tarihi na Jos sun yi awon gaba da kaya masu daraja. Bugu da ƙari, ɗan masuncin Argungu ba zai taɓa zuwa Legas kallon homar kakansa ba. Abin da doka ta tanada ya wadatar: dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana sayar da kayan tarihi ga kowa sai wakilin da aka amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Ƙwararrun hukumar su riƙa zuwa wurin kayan suna koyarwa, ya fi a kai musu kayan su kulle a sito.

Wasu kuma na ƙyamar ganin layu da kayan tsafi a cikin gilashi, suna ganin kamar girmama su ake yi. Ajiye abu don a san yadda mutanen da suka yi rayuwa daban yake da yin imani da shi. Malaman Sakkwato da kansu ba su binne tarihin waɗanda suka gabace su ba. Muhammadu Bello ya rubuta labarin ƙasashen Hausa da maƙwabtansu a cikin Infaƙul Maisuri, Waziri Junaidu kuma ya shafe rayuwarsa yana tara takardu, har gidan tarihin Jihar Sakkwato ke ɗauke da sunansa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa ƙaramin gidan tarihi bakin fada ne, labarin sarakuna da yaƙe-yaƙensu kawai yake bayarwa, kuma ta fuskar da ta yi musu daɗi. Wannan gaskiya ne, amma ba dalilin guje masa ba ne. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi a 1805, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya sun mai da Argungu cibiyarsu, suka yi ta fafatawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Yadda ake ba da wannan labari a Argungu ba lallai ya zo daidai da yadda ake ba da shi a Gwandu ba. Malami mai basira zai kai ɗalibansa su ji duka biyun, sannan ya tambaye su wace shaida ke goyon bayan wace magana, kamar yadda ake maimaita gwaji a ga ko sakamako zai sauya. Giɓin da ke akwai kuwa, na matan da suka kaɗa zare da maƙera da marina da bayin da suka yi noma, makarantu ne za su iya cike shi.

Kayan wannan giɓi suna nan a ɗakunan tsofaffi, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa don babu wanda ya ɗauke su tarihi: dutsen niƙa, akushi, mazari, taskira, fitilar aci-bal-bal, wuri, anini, da kuma sisi da sule waɗanda aka daina kashewa bayan shigowar naira a 1973. 'Yan gwangwan na bi gida-gida suna saye tsofaffin tasoshin tagulla da awon kilo, a narke. Makarantar da ke da ɗaki guda da ba a amfani da shi, da kanta biyu masu ƙafafun ƙarfe, da littafin rajista mai kauri, tana iya fara karɓar irin waɗannan kaya a zangon karatu mai zuwa, da sharaɗin kowane ɗalibi ya zo da sunan mai abin, da garinsu, da abin da ta ce ana yi da shi.